Ba Laifin Na'ura Ba Ne

"Sake hurawa..."

In ji Anti Hura. Dogo ya gyara matsin da ke hancinsa, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika, ya sa bututun a baki ya hura. Layin da ke allon kwamfuta ya hau, sai ya karye tun bai kai inda ya saba kaiwa ba.

Tari ya biyo baya.

"Na'urar ce," ta ce da sauri. "Ta fara tsufa."

Ya ajiye matsin, ya yi mata sallama kamar baƙo, ya fita.

Anti Hura ɗalibai suke ce mata, domin ita ke riƙe da na'urar auna numfashi a ɗakin gwaji, kuma in ta tsaya a kan mutum tana "hura, hura, kar ka tsaya", har a baranda ana jin ta. Dole ne a yi hakan. In ba mai zuga mutum, ba ya fitar da duk iskar da ke huhunsa.

Aikin yana da ƙa'ida. Ana zaɓar lafiyayye ɗaya cikin ma'aikata ya riƙa hurawa duk mako. In sakamakonsa ya sauya, na'ura ake fara tuhuma, tunda shi an san lafiyarsa ƙalau. Dogo aka zaɓa, mai koyar da ɗaliban shekarar farko, wanda ko hayaƙin sigari bai iya zama kusa da shi. Da hanci a matse ya fara ce mata yana sonta, da wata murya kamar ta agwagwa, ta yi dariya har da hawaye.

Sai 'yar goggonta, wadda ta daɗe da sa masa ido, ta kai wa Mama labarin cewa ciwon ƙirji ne ya kashe mahaifinsa. Mama ta ce ba za ta ba da 'yarta ga jinya ba. Yayan Anti Hura ya ɗaure wa Mama gindi. Ita kuwa ta rantse musu babu huhu irin nasa a duk makarantar, ai da idonta take gani.

Ba a jima ba Dogo ya daina kira.

Ya daina jiranta a bakin ƙofa in an tashi. Ranar gwaji kawai yake zuwa, ya hura ya tafi. Ta ɗauka maganar gidansu ce ta ɓata masa rai, abin ya ci ta ƙwarai. In ɗalibai sun watse sai ta zauna ita kaɗai tsakanin dogayen tebura, tana wanke bututun da ta riga ta wanke, warin maganin kashe ƙwayoyin cuta yana hawa mata kai. Kewa ce, ba ta da wani suna.

Kuma layinsa sai ƙara sauka yake.

Ta canza matatar iskar na'urar. Ta canza tiyo. Ta kira mai gyara ya kwance na'urar, ya ce bai ga komai ba, ta ce bai iya aiki ba ne. Baiwar Allah, na'urar da take lallaɓawa kamar jariri ita ta koma zagi safe da yamma. Ƙa'ida ce ta ce a tuhumi na'ura, ita kuma ta samu wurin ɓuya.

Amma akwai babban sirinjin da ake tura iska da shi don a tabbatar da awo, shi kuwa ba ya ƙarya. Ta tura, awo ya fito daidai. Ta sake, daidai.

Da ya zo a makon, ba ta miƙa masa bututu ba.

"Dogo... lafiyar na'urar ƙalau."

"Na sani," ya ce yana kallon ƙasa. Ya gaya mata tun tuni matakala take gagararsa, shi ya sa ya janye, don kada maganar Mama ta tabbata a kanta. Da ta tambaye shi me ya sa bai daina zuwa ba, sai ya ce, "Nan ne kaɗai nake jin muryarki."

A ranar ta raka shi asibiti. Daga nan ta wuce gida ta faɗa wa Mama gaskiya: ciwon yana nan, kuma shi take so. Mama ta tambaya ko yana da mai kai masa abinci.

Aka tura shi babban asibiti a wani gari mai nisa. Ya hana ta zuwa. Watanni suka shuɗe, saƙo sai jefi-jefi.

Shugaban sashe ya ce ta nemo wani mai hurawa. Ta ce ita za ta yi. Sai dai a ɗaki babu kowa, wa zai zuga mai zugawa? Takan matse hancinta ta hura, ba ta jin komai sai ƙarar fanka.

Wata safiya tana tsakiyar hurawa, iskar ta fara ƙare mata, sai ta ji murya daga ƙofa, a dushe, a hankali.

"Hura... hura, masoyiya. Kar ki tsaya."

Ya rame, rigar ta yi masa yawa, hannunsa ɗaya a jikin bango. A ɗayan yana riƙe da kular abincin Mama, mai fasasshen marfi, wadda ta riƙa aika masa abinci a ciki.

Layin ya tarwatse a allo, gwajin ya lalace.

"Wannan ma na'urar ce?" ya tambaya.

Ta girgiza kai, matsin yana hancinta, hawaye na zuba.

"A'a," ta ce da muryar agwagwa. "Kai ne."