Ranar da Na Sare Gangar Kakana

Muciyar dama giya Baba ya ɗauka ya sauke wa Tatsuo a kafaɗa, a gaban duk ma'aikata, har sai da na ji ƙarar a haƙorana.

Tatsuo bai kare ba. Ya durƙusa cikin dusar ƙanƙara, jini na bin wuyansa.

Laifinsa wai ya ci natto, daddawar waken soya. A gidan giyar shinkafa irin namu, duk tsawon hunturu ba mai kusantar wannan daddawa. Ƙwaya ɗaya ta shiga ɗakin ɗumi, shinkafar da ake raino sai ta yi yauƙi ta lalace. Ta kuwa lalace. Noboru, ɗan ƙanin Baba, mutumin da ko takalminsa sai an nemo masa, shi ya tsinci ƙunshin natto a shimfiɗar Tatsuo.

Kowa ya san ni Noboru yake so, ko in ce gangunan giyar da zan gada, don ni kaɗai Baba ya haifa. Tatsuo kuwa manomi ne mai zuwa mana ƙwadago, kuma ina son sa kamar in mutu.

"Baba, ka san ba ya ƙarya..."

"Rufe min baki, Chizuru. Gobe ya bar min gida."

Da safe Tatsuo ya roƙi a bar shi ya dama babbar ganga, damun bankwana. Na tare shi a ƙofar ɗakin giya, a bakin igiyar tsarkin da mace ba ta tsallakawa.

"Kada ki yi kuka, Chizu tawa," ya ce. "Hawayenki sun fi muciyar zafi."

Ya hau tsani. Noboru ya bi bayansa yana murmushi.

Daga ƙofa na hango su a kan katakon da ke bakin ganga. Noboru ya ɗaga muciya ya maka masa a ƙeya.

Tatsuo ya faɗa ciki, farin kumfa ya rufe shi.

Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san iskar da ke kwance a bakin gangar da giya ke tashi a cikinta, shaƙa ɗaya mutum ya suma. Ma'aikata suka yi ta kai da komo ana neman igiya, ba mai iya leƙawa. Noboru na daga sama yana ta rantsuwa wai santsi ne.

Na fizgi gatarin faskare, na tsallake igiyar ƙofar.

Baba ya sha gabana, idonsa jajir. "Gangar kakanki ce. Abincinmu na shekara ne a ciki."

"Mijina ne a ciki, Baba!"

Na ture shi. Ni, da ban taɓa ɗaga masa murya ba. Na dinga saran ɗamarar gorar da ta riƙe gangar har tafin hannuna ya tsage.

Sai ta fashe.

Giya ta yi awon gaba da ni, ta buga ni da bango, haƙorina ya fita. Da na buɗe ido, ga Tatsuo kwance cikin farar lakar shinkafa yana tari. Wannan tarin ya fi min kowace waƙa daɗi.

Noboru ya rufto tare da katakon, katakon ya danne masa ƙafa, ƙashi a waje. Na tsaya a kansa, gatari na hannuna.

"Wa ya ajiye natto?"

Bai bari na maimaita ba. Cikin kuka ya zayyane komai, kowa na ji.

Baba ya daɗe yana kallon giyar tana fita ta ƙofa, tana narkar da ƙanƙara. Na ɗauka ni ce ta gaba a layin muciya. Ya tsallake Noboru kamar bai gan shi ba, ya tsuguna ya goge wa Tatsuo fuska da hannun rigarsa, sannan ya ɗora masa guntun gora a ƙirji.

"Matarka ce ta fasa gangar," ya ce. "Kai za ka ɗaure ta."