Auta Tana Jira a Makaranta

"Buɗe min ƙofa, baiwar Allah! An tashi 'yan makaranta, Auta tana can tana jira na!"

Baba ne yake jijjiga ƙofar falo, takalmi ƙafa ɗaya, makullin motar da muka daɗe da sayarwa a hannunsa.

"Baba, ni ce Auta... ni ce fa!"

Ya kalle ni sama da ƙasa.

"Ke? Ƙatuwa da ke?"

Da wata aka faɗa wa haka, da na yi dariya. Ni kuka ne ya zo min.

Tun da ciwon mantuwa ya kama Baba, kullum da rana haka muke fama. Ni kaɗai na rage masa a gida, ni ce kuma ya fara mantawa.

Ga kuma Dogo, masoyina. Duk zuwan da zai yi neman aurena amsar Baba ɗaya ce: "Ka ji tsoron Allah, yarinyar da ko ɗaura takalmi ba ta iya ba?" Ni kuwa na rantse ba zan yi aure ba sai Baba ya amince da bakinsa. Mahaifiyar Dogo ta samu abin da take so. Ta ce ɗanta ba zai auro jinin hauka ba, har ta nemo masa 'yar ƙawarta.

Jiya ma a waya muka yi ta da Dogo.

"Rabin raina, Mama ta matsa min... ki bari kawunki ya ba da ke."

"Ubana yana raye!"

"To har yaushe zan jira?"

Na kashe wayar, na yi ta kai da komo a ɗaki kamar wadda ta yar da wani abu.

Muna cikin kokawar ƙofar nan Sista ta iso, nas ɗin asibitin ƙwaƙwalwa da ke biyo mu gida. Ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Gaskiyarka Baba, kada a bar yarinya a rana. Sa ɗayan takalmin tukuna."

Abin mamaki, sai ya zauna!

Ta ja ni gefe. "Ƙanwata, daina gardama da shi. Duk sanda kika ce ke ce, ƙwace masa 'yarsa kike yi. Ba zai iya zuwa inda kike ba, ke za ki bi shi. Kina da mai mota?"

"Akwai... amma mun yi faɗa."

"Da motar kuka yi? Kira shi."

Dogo ya zo fuska a ɗaure, ko kallona bai yi ba. Ya buɗe wa Baba gaban motar, muka tafi. A ƙofar makaranta ya leƙa, ya dawo ya faɗi abin da Sista ta koya masa.

"An riga an kai ta gida, Baba."

Baba ya sauke ajiyar zuciya, ya yi barci a hanya.

Washegari ban kira ba, sai ga Dogo. Haka ma rana ta uku. Ya riƙa rufe shagonsa da rana tsaka, ni ina baya kamar fasinja. Sista kuma ta zaunar da mahaifiyarsa, ta yi mata bayanin ciwon. Ba wai ta fara sona ba ne, amma ta daina cewa hauka.

Ranar nan muna dawowa, Baba ya dafa kafaɗar Dogo.

"Yaro, kai ba ka taɓa barin Auta ta jira ba."

"Ba zan bari ba, Baba."

Ya danƙa masa tsohon makullin nan.

"Idan ta girma, kai zan ba."

Motar ta ɗan yi tangal-tangal. Na ga idon Dogo a madubi, ya cika da hawaye.

Baba ya waigo gare ni. "Baiwar Allah, ki zama shaida."

Bakina ya buɗe zan ce ni ce. Na haɗiye.

"Na shaida, Baba," na ce. "Zan gaya mata... za ta ji daɗi sosai."