Dabinon Da Ya Ƙi Haihuwa

"Shekara uku, Haulatu! Shekara uku ina zarya tsakanin Mai'aduwa da Daura, har masu shayin bakin hanya sun haddace ƙarar mashin ɗina!"

Yazid ne ke magana, yana zaune kan tabarma a zauren gidan Malam Ɗantsoho, mahaifin Haulatu. Haulatu ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Faɗa yake yi, amma ita muryarsa kawai take saurare, don ko a faɗa muryar nan daɗi take yi mata.

"Ka ƙara haƙuri, Malamina..."

"Ni ina da haƙuri, sanyin idona. Hajiyata ce nata ya ƙare. Ta ce in bana ma Baba bai sa rana ba, kawunnaina ba za su sake tako ƙofar gidan nan ba."

Haulatu ta ɗago kai da sauri. Ta san Hajiyarsa ba ta magana biyu.

Wanda bai sani ba sai ya zaci wani babban laifi Yazid ya yi. Ina! Malamin koyar da aikin gona ne a sakandare, ga ladabi, ga sallah a kan lokaci. Abin da ya tsare auren nan bishiya ce. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Inna Murjanatu, mahaifiyar Haulatu, ta dawo daga aikin Hajji da dabinon Madina. Ta binne ƙwallaye biyu a tsakar gida kusa da randuna, tana dariya ta ce, "Da 'ya'yan waɗannan za a ɗaura auren Auta." Duka biyun suka tsiro. Ita kuwa ba ta ga damina uku a bayansu ba, Allah ya karɓi abarsa.

Yayyen Haulatu duk sun watse, wasu Katsina, wasu Kano, gidan ya rage daga ita sai Baba. Duk sanda dangin Yazid suka zo, amsarsa ɗaya ce: "Wasiyyar uwarta ce. Dabino ya haihu, in sa rana."

Dabino kuwa ya ce bai san zancen ba. Ɗayan yakan yi fure duk ƙarshen sanyi, ya fitar da 'yan ƙananan 'ya'ya marasa ƙwallo, su kaɗe tun suna kore. Ɗayan ko furen ma ba a taɓa gani ba.

"Wai me ke damun su ne?" ta tambaya a hankali. "Kullum sai na ba su ruwa, har taki nake zuba musu."

Yazid ya sauke ajiyar zuciya, fushin ya tafi. Da ma a taɓo masa zancen tsiro ne, shi ke nan an gama da shi.

"Dabino kamar mutane yake, Haula, akwai mace akwai namiji. Mai yin furen nan mace ce. A cikin kowane furenta akwai wata 'yar ƙwayar halitta, ido ba ya ganinta, tana riƙe da rabin abin da ake bukata. Ɗaya rabin yana cikin garin furen namiji. In suka haɗu sai su zama ƙwaya ɗaya. Ɗayar nan ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas..."

"Har yaushe?"

"Har ta zama ɗan tsiron da ke kwance a cikin ƙwallo, zaƙi ya lulluɓe shi. In kuwa rabin nan bai zo ba, sai ta yi ta jira, ta gaji, ta faɗi."

Haulatu ta lumshe ido. Sai ta ga kanta a wani gida da ba ta taɓa shiga ba, hantsi ya dubi tsakar gida, wata yarinya mai idon Yazid da hancin Inna tana rarrafe wajen randa. Ɗaya, biyu, huɗu, takwas... Kunya ta kama ta kamar ya leƙa zuciyarta, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"To ɗayan fa?" ta ce daga cikin mayafin.

"Shi ne ban gane ba. Ni ban taɓa wuce zauren nan ba, kawunansu kawai nake hangowa ta saman katanga. Gobe ki ɗaukar min hoton wuyansa, kusa-kusa, inda ganye ke fitowa."

Washegari da hantsi, Baba na fita kasuwa, ta jingina tsani ta ɗauki hoton ta tura masa. Ba a yi minti biyar ba wayarta ta yi ƙara. Ta ɗaga, ta ji shiru.

"Malamina? Kana ji na?"

"Haula... wa ke yi wa bishiyar nan gyara?"

"Baba ne. Duk shekara yakan rage masa ganye, ba ya bari kowa ya taɓa."

"Ba ganye kaɗai yake ragewa ba. Kin ga guntayen nan masu faɗi, tsofaffi da sababbi? Wurin fure ne. Ina kyautata zaton namiji ne, kuma yana fure sarai. Yanke kwanson ake yi tun bai buɗe ba."

Ta zauna a bakin turmi. Baba manomi ne tun kafin a haife ta. Ba za a ce bai san abin da yake yankewa ba.

"Ki saurare ni, masoyiyata," in ji Yazid da sauri. "Ina da aboki mai gonar dabino wajen Kongolam. Zan karɓo garin fure a ƙulle a takarda, ki hau ki barbaɗa wa macen in Baba ya fita. Ba wanda zai sani."

Wallahi ta so ta ce to. Har bakinta ya buɗe.

"A'a," ta ce, hawaye na zubo mata. "Ina son ka, Allah ya sani, ina son ka har ba na iya cin abinci ranar da ba ka zo ba. Amma ba zan yi wa Baba sata a gidansa ba. In zan fita, da yardarsa zan fita."

"In kuma bai yarda ba fa? Furen macen kwana kaɗan yake jira!"

Ta kashe wayar.

Kwana huɗu tana dafa wa Baba tuwo, tana kai masa ruwan alwala, ba ta tayar masa da zancen ba. Tana kallon macen ta tsage kwansonta, zaren fure fari sol ya leƙo. A rana ta biyar, gari ya fara wayewa bayan an dawo masallaci, ta ji ƙarar tsani a jikin itace. Ta fito.

Baba yana saukowa, wuƙa a hannun dama, wani dogon kwanso ruwan ƙasa a hagu. Ya riga ya ɗan tsage, wani ƙamshi mai kama da na ɗanyen ƙullu ya cika tsakar gidan. Suka haɗa ido. Dattijon da duk unguwa ke shakka ya tsaya kamar an kama shi da hannu a tukunya.

"Auta... gyara nake yi."

Ta durƙusa a gabansa har ƙasa.

"Baba, in ba ka son Yazid, ka faɗa min, wallahi zan haƙura ko zan mutu. Amma kar ka ce Inna ce ta hana. Inna ba ta hana ba."

Wuƙar ta faɗi. Ya zauna a matakin tsani na ƙarshe, ya daɗe yana kallon kwanson.

"Yaron kirki ne," ya ce da wata murya da ba ta san shi da ita ba. "Ba ni da abin faɗa a kansa, shi ya sa na rasa hujja sai wannan. Shekarar farko na ce bari ta ƙara shekara ɗaya. Da ta zagayo na sake cewa ɗaya... Auta, in kin tafi, wa zai ce min sannu da zuwa? Muryarki irin tata ce. In kina magana a ɗaki, nakan rufe ido in ce ba ta tafi ba."

Haulatu ta kifa kanta a gwiwarsa, ta yi kuka irin wanda rabonta da shi tun ranar rasuwar. Tausayinsa ya cinye fushin duka.

"Mai'aduwa ce fa, Baba, ba bangon duniya ba. Duk Juma'a zan zo, in dafa maka miyar kuka, in dame ka da surutu har ka kore ni."

Ya yi dariya cikin hawaye, ya share fuska da hannun riga.

"Na zalunce ki, na zalunci amanar uwarki. Allah ya yafe min." Ya juya kwanson, ya ƙarasa tsaga shi da babban yatsa, gari mai laushi ya bule masa a tafin hannu. "Wannan bai lalace ba, da ma haka ake yanko shi in za a kai wa mace. Tashi ki riƙe min tsani."

Da hannunsa ya tsinko zare uku-uku, ya cusa su a tsakiyar furen macen, ya ɗaure da ganye, yana bismillah a kan kowanne. Ƙaya ta soke shi ya fi sau biyar, ko tsaki bai yi ba. Da yamma ya aika Mai'aduwa a ce kawunnan Yazid su zo.

Wata biyar Haulatu ta yi tana kwana tana tashi da bishiyar nan a rai. Takan tsaya a ƙarƙashinta da tsintsiya a hannu, ta manta da sharar, tana kallon 'ya'yan suna kumbura, daga kore zuwa rawaya, daga rawaya zuwa ja mai duhu. Yazid ya ce ta fi ɗalibansa duka naci.

Aka ɗaura aure farkon damina. Dabinon bai cika ƙwarya biyu ba, ƙanana ne, ko kusa ba su kai na Madina ba. Baba ya hana a haɗa da na kasuwa, ya bi sahu da kansa yana ba kowa ɗaya.

Da la'asar aka kawo amarya ɗakin Baba ta yi sallama, motoci na jira a waje. Mata suka yi shiru don a ji nasihar uba. Baba ya dube ta. Sai ya laluba aljihu ya ciro dabino ɗaya da ya rage, ya raba biyu, ya sa mata rabi a tafin da ya sha lalle, ya kai rabi bakinsa. Ya daɗe yana taunawa, hawaye na bin gemunsa.

"Ashe da zaƙi, Auta," ya ce. "Shekara uku na hana ki. Tashi ki tafi, Allah ya yi miki albarka."