Masassaƙi da Jitar Makaho

A wani gari can, an yi wani masassaƙi mai gaggawar tsiya. Ran nan wani makaho makaɗi ya kawo masa jitarsa, ɗan katakon da ake ɗaura tsirkiya a kai ya tsage. Ya ce, "Maigida, sassaƙa mini sabo, ka yi masa huji shida a jere. Da ita nake ciyar da iyalina."

Masassaƙi ya kama aiki ba awo. Hujin farko ya karkace, ya ce a ransa, "Ai ba ya gani." Na uku ya matse na huɗu, ya ce, "Ai ba ya gani."

Makaho ya ɗaura tsirkiya, ya shafa, ya kaɗa. Sai ransa ya ɓaci. Ya ce, "Haba bawan Allah! Ido na rasa, amma yatsuna da kunnena lafiyarsu ƙalau. Ni za ka yi wa haka?"

Masassaƙi ya ce aiki ya ƙare. Makaho kuwa ya zauna a ƙofar rumfar, ya dinga kaɗa jitar yadda take. Duk wanda ya toshe kunne ya tambayi dalili, sai ya ce, "Aikin mai rumfar nan ne."

Kafin azahar kunya ta ishi masassaƙi. Ya sassaƙa wani, ya auna kowane huji da tsinke. Da ya gama, sai da ya rufe idonsa ya shafa, sannan ya miƙa.