Bindigar da Ba Ta Taɓa Kuskure Ba

"Kowa ya kwanta! Fashi ne!"

Ratko ne ya daka tsawar, ya banke ƙofar shagon canjin kuɗi da kafaɗa. Obrad na biye da shi, safar matarsa a fuska, bindiga a hannu. Ƙarfe goma na safiyar Talata, ranar kasuwa. Mutum biyu suka tarar: Dushanka mai canji, da wani tsoho da ya ce gwiwarsa ba ta kwanciya, sai dai ya zauna.

Bari mu ɗan koma baya, don a san yadda bindigar ta zo hannun Obrad.

Su uku ne, duk zaman kashe wando suke tun da aka rufe masana'antar katako. Ratko ne oga, Miloye direba. Obrad kuwa sunansa ne ya kawo shi. A garinsu ango ba ya shiga gidan amarya sai ya harbo tuffar da aka rataye a kan doguwar sanda. Shekara ashirin da biyu ke nan da Obrad ya harbo tasa da harbi ɗaya. Bai taɓa cin jarrabawa ba, bai taɓa daɗewa a aiki ba. Tuffar nan ce kaɗai abin tutiyarsa a duniya.

"Kai ne gwani," in ji Ratko. "Samo mana mai arha, wadda ba za ta ba mu kunya ba."

Obrad ya tafi wurin Baffa Velimir, mai ba da hayar bindigogin biki, ya ce ɗan wansa ne zai yi aure. Tsohon ya jera guda uku a tebur. Ɗaya ta yi tsatsa. Ɗaya ta fi ƙarfin aljihu. Ta ukun kuwa, mai jan ƙyalle a gindi, Obrad ya gane ta nan take.

"Baffa, ta taɓa kuskure?"

"Ko sau ɗaya. Amma ɗana, ka dai san yadda—"

"Na sani mana! Ba da ita na yi aure ba?"

Ya ba da zartonsa mai inji jingina, aka haɗa masa da kwalin harsashi.

To, mu koma shago.

Dushanka ta sauke tabarau. "Wannan ba bindigar Baffa Velimir ba ce? Obrad, kai ne? Safar Zorka ce a kanka, tare muka saya."

"Nuna mata aiki, gwani!" Ratko ya yi ihu. "Fasa agogon can!"

Obrad ya auna agogon bango. Taku huɗu ne tsakaninsu. Tau! Agogo ya ci gaba da tafiyarsa. Tau! Tau! Hayaƙi ya cika shago, ko ƙwarzane babu.

"Ba ku ɗaura masa zare ba," in ji tsohon nan, cikin son taimako.

"Wane zare?"

"Wayyo, Obrad!" Dushanka ta dafe ƙirji. "Harsashin ƙara ne kawai, babu dalma a ciki. Zare ake ɗaura wa tuffar, ango na harbawa a ja. Ai kowa ya sani."

A tsallaken titi, Saja Lazar na 'yan sanda yana gidan burodi yana cin burek, wani gashin fulawa mai cuku. Ya ji harbi uku, ransa ya ɓaci.

"Wa ke aure ranar Talata bai gayyace ni ba?"

Ya goge baki, ya fito neman gidan biki. Miloye ya hango shi daga mota, ya yi wuf ya sauke gilashi.

"Yallaɓai! Ɓarayi! Suna ciki! Ni haya kawai suka ɗauke ni!"

Ratko ya fito a guje da jakar dinari, ya tarar da sajan zaune a kujerarsa cikin mota. Ya juya, ya faɗa kasuwa. Mota ta bi shi, Miloye na danna ham da himma! A rumfar masu kabeji aka danne shi.

Obrad bai gudu ba. Ya cire safar, ya naɗe ta da kyau, ya zauna kusa da tsohon.

Ratko ya sami shekara biyar, Obrad uku. Miloye ya sami takardar yabo. Zarto kuwa ya tafi ke nan.

Ranar ziyara ta farko a gidan yari, Zorka ta zo da ƙunshi. Obrad ya kasa kallon idonta.

"Zorka, a bikinmu, Baffa Velimir ne ya ja?"

"Shi yake ja wa kowa. Naka dai ni na ja, ta tagar ɗakina. Ban yarda da hannun wani ba."

"Shekara ashirin da biyu ina ba da labarin nan a mashaya!"

"Kuma kana ba da shi da daɗi, shi ya sa aka ƙyale ka." Ta jawo ƙunshin gabanta. "Na yi saurin ja ranar. Tuffar ta riga harbin faɗowa, maigida. Mutum ɗari biyu suka gani, suka tafa."

Ta kwance ƙunshin, ta turo masa tuffa ja guda ɗaya. Obrad ya daɗe yana juya ta a tafin hannu, yana duba ko da zare. Sannan ya gatsa.