Kwana Arba'in a Gidan Hajja Bahiyya

Raf'at na kokawa da cokali a kan kwanon wake, matarsa Intisar, jikata, ta zauna gabansa ta harɗe hannu. Sau uku yana ɗagowa, waken na zubewa a jallabiyarsa. A haka mahaifiyarsa Hajja Bahiyya ta shigo.

"Me nake gani? Ɗana na ɓata riga kamar ɗan yaye, ke kin zuba masa ido?"

"Mama, likitar gashin ƙashi ce ta ce a bar shi ya yi da kansa. Kaɗan-kaɗan kullum, in ya gaji ya huta. Ta ce in aka daina motsa hannun, sauran ƙarfin ma zai tafi."

"Likitar ce ta haife shi? Kaf garin nan namu na Suhaj ban taɓa jin macen da mijinta ke ciwo ta naɗe hannu ba."

Raf'at ya yi murmushi. "Umma, ƙyale ta. Soja na aura, sai dai ba ta da kaki."

Ba wanda ya yi dariya.

Shekara biyu ke nan da ciwon ya kama shi, irin mai cinye ƙarfin jiki a hankali. Ya fara da ƙafafu, ya rufe shagon ɗinkinsa, ya koma kan keken guragu. Saura hannaye. Su ne Intisar take gadi, tana kai shi gashi Litinin da Laraba, tana sa shi ɓalle maɓallin rigarsa ko da zai cinye rabin sa'a.

A garinmu kuwa marar lafiya ba ya ɗaga ko tsinke, abin kunya ne ga danginsa. Ran Juma'a yayyensa suka zo da mota.

"Ƙaninmu ba maraya ba ne," in ji babban. "Tunda hidima ta gundure ki, uwarsa na da rai."

Intisar ta tare ƙofa. "Raf'at, faɗa musu mana."

Ya sunkuyar da kai. Wane ɗa ne zai ce wa uwarsa a'a a gaban yayyensa? "Kwana biyu ne kawai, Intisar."

Suka tafi da shi gidan uwarsa. Intisar ta zo mini da kuka, wai za ta haɗa kayanta. Na ce ta wanke fuska. "Ba inda za ki. Kullum da safe ki je ki gaishe su. Ko sun wulaƙanta ki, gobe ki koma."

Ta yi ta zuwa. A ajiye ta a falo da kofin shayi, ta hango mijinta ta ƙofa minti biyar, ta dawo. A ciki kuwa gata ake yi masa: uwa na ba shi miyar lalo a baki, ƙannensa mata na riƙe masa kofi, suna sa masa riga. Gashi aka daina, wai kada unguwa ta ga ana ɗaukarsa kamar buhu.

Rana ta arba'in, da hantsi, ƙuda ya sauka a gefen idonsa. Hajja Bahiyya na kallo ya yi yunƙurin ɗaga hannu. Hannun ya motsa a kan cinyarsa, ya tsaya.

"Umma," ya ce a hankali, "ranar da na zo gidan nan ina iya korar ƙuda."

Hajja Bahiyya ta juya. Ta fito falo wurin Intisar, idonta jawur.

"'Yata, tashi ki ɗauki mijinki."

Likitar ba ta ɓoye musu ba. Hannun hagu ya tafi, sai abin da Allah ya yi. Na dama kuwa za a gwada. Wata biyar suka yi, safe da yamma, kafin ya riƙe kofin shayi ya kai baki, yana rawa yana zuba. Intisar ba ta taɓa yi wa kowa gori ba.

Yanzu Hajja Bahiyya kan zo ranar Alhamis. In aka kawo abinci sai ta cusa hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne, hawaye na zuba, har ya gama.

Ku 'yan mata masu tunanin so shi ne lallaɓa, ku ji. Duk wanda kuka yi wa abin da zai iya yi wa kansa, kun ƙwace masa ne. Jikata ta yi haƙuri ta sami mijinta, amma da hannu ɗaya aka dawo mata da shi.