Albasa a Ƙwaryar Nono

"Wa ya zuba albasa cikin ƙwaryar Inna?"

Nana ce ta yi tambayar, ƙanwar Amiru, tana tsaye a bakin ƙofa ko takalmi ba ta cire ba. Ba ta ɗaga murya ba, amma tsakar gidan ya yi tsit, har wadda ta kai loma baki ta mayar da ita cikin faranti.

Raliya tana riƙe da babban cokali. Ta dubi Nana, ta dubi teburi, murmushin da take yi tun safe ya maƙale mata a fuska.

"Ni ce… Salati ne, Nana. Na ga ƙwaryar ta yi kyau."

Washegarin Babbar Sallah ne, ranar da ake sauke ragunan da aka gasa a tsaye gefen wuta, a daddatsa, a shiga rabo. Raliya ta daɗe tana shirya wa wannan rana. Ita ce mai koyar da girki a tsakar gidan mahaifinta, tun da ya gama aikin gwamnati a Yamai suka dawo Dakoro. 'Yan matan gari a wurinta suka iya gato, wato kek, da kuskus da miyar da ba a sa mata daudawa, kuma Madam suke ce mata ko da sun girme ta. Yau ta gayyato su duka, da ƙawayenta, da Amiru likitan dabbobi mai neman aurenta da abokansa, aka shimfiɗa wa maza tabarmi a gindin dogon yaro.

A tsakiyar teburin kuwa, inda kowa zai gani, ta ɗora ƙwaryar. Tsohuwa ce, ta yi duhu saboda shan hannu, bayanta duk zane. A cikinta albasa ce da tumatir da kokombar, sun sha binegar da mai da mutar, rawayan yajin nan na Turawa.

Amiru ya taso daga tabarma. Mutum ne mai tsokana, Madam Gato yake kiranta ko a gaban mutane, amma yau ya tsaya kan teburin yana kallon ƙwaryar kamar bai san kowa a gidan ba.

"Rali," ya ce a hankali, "wagga ƙwaryar kakata ce. Nono kaɗai ta sani. Tun da nike ban taɓa ganin ta bar hannun Inna ba sai jiya."

Sai a lokacin Raliya ta ajiye cokalin.

Inna Aisata, mahaifiyar Amiru, tana zaune da shanunta a wajen Birnin Lalle, kuma ta daɗe tana ƙin maganar auren nan. Ba ta taɓa zagin Raliya ba. Abin da take faɗa kawai shi ne 'yar Yamai ba za ta san darajar abin da suke da shi ba, ga kuma Lailatu ɗiyar ƙanenta a gida. Amiru ya yi lallashi har ya gaji. Sai ga shi ranar Sallah da yamma wani mai moto, wato babur, ya sauke ƙwarya cike da nono, an rufe ta da faifai, ya ce daga Inna ne, ba wani saƙo. Raliya ta yi tsalle don murna. Ta juye nonon a roba ta tura firigo ya yi sanyi, ta wanke ƙwaryar da sabulu har sau biyu don ƙamshin nonon ya fita, tana ta yaba zanen.

Lailatu tana cikin ɗalibanta, kuma ita ce ta zo da sassafe taya ta aiki. Raliya ta ɗaga ƙwaryar ta tambaye ta ko salati zai yi kyau a ciki.

"Madam, ai ke ce malama," Lailatu ta ce, ta ci gaba da yanka albasa.

Da aka gama jerawa Lailatun ce ta ce a tsaya a ɗauki hoto. Raliya ta gyara ɗankwali, ta rungumi ƙwaryar tana washe baki. Kafin a zuba wa baƙi ruwa hoton ya zaga wayoyin dangin Amiru kaf, shi ne ya taso Nana daga gidan kawunsu da gudu.

Ba wanda ya yi wa Raliya faɗa, kuma wannan ya fi komai ciwo. Amiru ya ce wa abokansa su ci abinci, ya koma ya zauna, bai sa komai a baki ba. 'Yan mata suka ci kuskus kai a ƙasa, waɗanda suka san kiwo suna yi wa waɗanda ba su sani ba bayani da raɗa: ƙwaryar nono ba ta son sabulu, balle mai da albasa, in sun shiga jikinta sun shiga ke nan. Raliya tana jin komai. Ita da take tsayawa gabansu tana cewa mace ta san kayan aikinta kafin ta san girki, yau a gabansu ta kashe ƙwaryar da ta girmi ubanta. Kafin la'asar gidan ya watse, gaton da ta yi wa ado da sunan Sallah ko yanka shi ba a yi ba.

Ta rufe ajin girki. Ta daina leƙa ƙofar gida, don gani take ko mai tallan ƙuli ta ga hoton.

Ƙwaryar kuwa babu abin da ba ta yi mata ba. Ta cuɗe ta da dusa, ta cuɗe ta da toka, ta kife ta a rana, ta kara ta a hayaƙi kamar yadda wata maƙwabciya ta gaya mata. Ta sayi madara ta zuba don gwaji. Da safe ta ɗaga faifai, warin albasa ya tare ta, ga rawayar mutar ta zauna daram a gindin. Ta zauna a wurin ta yi kuka mai isarta.

Lailatu ta zo ɗaukar tukunyarta da ta bari. Raliya ta tambaye ta me ya sa ba ta hana ta ba.

"Ni ban ce ki zuba ba, Madam."

Gaskiya ta faɗa, kuma Raliya ta so a ce ƙarya ce. Lailatu ta yi mugunta, amma hannun da ya zuba binegar na Raliya ne. Ba ta tambayi Amiru ba, ba ta tambayi kowa ba me ake nufi in tsohuwar da ke ƙin ka ta aiko maka da abin da ta fi so. Zane ta gani, ta ga teburi.

Amiru ya kira ta a waya bayan kwanaki, muryarsa a gajiye. Ya ce an nuna wa Inna hoton, ta duba, ta mayar da wayar, kuma ranar ba ita ta yi tatsar yamma ba. Kawunsa kuwa sai yawo yake yana cewa da ma ya faɗa. Ya ce ta ba shi ƙwaryar ya kai da kansa, zai ce laifinsa ne da bai yi mata bayani ba.

"Amiru, kana jin haushina?"



"Ina jin kunya, Rali. Taki da tawa. Amma ban daina son ki ba, masoyiyata, shi ya sa abin ya yi min nauyi."

"To kar ka kai. Ni na ɓata, ni zan kai."

Ya ce ba a yin haka, yarinyar da ake nema ba ta zuwa gaban uwar miji da ƙafarta. Ta ce an riga an yi abin da ba a yi, wannan ba zai fi shi muni ba. Mahaifinta ya dube ta da kyau da ta nemi izini, ya ce ta je, amma Nana ta raka ta.

Suka kama hanya da hantsi a kan moto, ƙwaryar a naɗe cikin sabon zane a cinyarta. An yi ruwan fari, ƙasa ta lafa, ciyawa ta fara tsirowa. Amiru ya biyo su a nasa moton, amma da suka hango bukkoki ya tsaya can gindin wata aduwa, don ba zai iya tsayawa gaban uwarsa da budurwarsa lokaci ɗaya ba.

Inna Aisata tana zaune a inuwar bukka tana kaɗa nono. Siririya ce, doguwa, idanunta ba sa gaggawa. Raliya ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa, ta gaishe ta. Duk maganar da ta tsara a hanya ta gudu. Ta kwance zanen kawai ta tura ƙwaryar gaba, kanta a ƙasa.

Tsohuwar ta ɗauka. Ta shafa bayanta da tafin hannu, ta bi zanen da yatsa, sannan ta kai hanci ta shinshina. Ta daɗe a haka.

"Ta gama da nono," ta ce.

Hawayen Raliya suka ɗiga a kan yashi. Ta ce ta yi duk abin da ta iya, ta ce ba raini ba ne, jahilci ne, ta ce in Inna ta ce a bar maganar auren ba za ta ga laifinta ba.  Inna ta ajiye ƙwaryar a gefe ta ci gaba da kaɗa nononta, har Nana ta fara motsi don rashin jin daɗi.

"Nonon hwa?" ta ce can. "Zubar da shi kinka yi?"

Raliya ta girgiza kai. Da farko ta manta da shi a firigo, ta faɗi hakan ma, ba ta ɓoye ba. Amma tun ranar da abin ya faru abinci ya ƙi shiga cikinta.

"Shi na yi ta sha, Inna. Shi kaɗai ya iya wuce min maƙogwaro. Jiya ya ƙare."

Hannun tsohuwar ya tsaya. A karo na farko ta dubi fuskar Raliya sosai, sannan ta kawar da kai gefe, wajen shanu.

"Na saniyar wancan ne," ta ce. Amiru take nufi; ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Da hannuna na tatsa."

Ta sa ƙafa ta turo ƙwaryar a hankali har ta taɓa gwiwar Raliya.

"Ɗauki abinki. Mi za ni yi da ita? Ba aro na aika ba. Uwar babansu ta ba ni ita kahin a kai ni ɗaki, ita ma haka anka ba ta. Ni kuma na aika ma wadda za ta shiga ɗakin wancan. Taki ce kinka ɓata."

Raliya ta ɗago.

"Inna…"

"Ni ma da nawa laihi. Na aika ƙwarya, kunya ta hana ni aika baki. Yarinya ta tashi birni, wa ya gaya mata?"

Nana ta rufe fuska da mayafi tana dariya tana kuka. Inna ta harare ta, ta aike ta cikin bukka ta ɗauko wata ƙwarya sabuwa, fara fat, ko zane babu. Ta ce wannan Raliya za ta yi rainonta da kanta, kuma tun da an ce malama ce, to ta matso ta zama ɗaliba. Ranar Madam Gato ta yini tana koyon wanke ƙwarya da ruwan ɗumi, ana buge mata hannu in ta yi garaje, kuma ba ta taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Amiru yana gindin aduwa rana ta juya ta same shi, bai san me ake ciki ba sai da Nana ta je ta ce masa ya tafi ya fara neman goro.

Da za su tafi Inna ta yi magana tana kallon wani wuri.

"Ranar buki ki yi min wanga abin da ya kashe min ƙwarya. In ji ko ya kai."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Lailatu ba ta zo ba, ta aiko da tukunya, Raliya ta karɓa ta yi godiya. Washegarin kai amarya ta yanka albasa da tumatir da kokombar, ta zuba a tsohuwar ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ba Nana ta kai ɗakin da aka sauki Inna. Ta zauna tana jira, Amiru yana ta yi mata dariya.

Can sai ga Nana ta dawo da ƙwaryar a hannu.

"Inna ta ce a gaya ma matar wancan, tsamin ya yi yawa."

Raliya ta ɗaga faifan. Ko yankin albasa ɗaya bai rage ba.